Gyara Kayanka: In Na'urar Riƙe Gudu Ta Ƙi Kamawa

 A wannan wata cikin mota za mu shiga, mu duba wani abu wanda gidaje da yawa suke da shi ba su sani ba, waɗansu kuwa sun sani amma ya daina aiki tun tuni, sun haƙura da shi. Motocin hannu da muke saya, waɗanda muke ce wa 'yan Kwatano ko Beljiyam, da yawansu daga Amurka suka taso, Amurkawa kuwa mutane ne masu doguwar tafiya a kan miƙaƙƙen titi. Shi ya sa da wuya ka ga Camry ko Accord ko Sienna tasu wadda ba ta da waɗansu 'yan maɓallai a jikin sitiyari, ko kuwa wani ɗan mariƙi a gefensa na dama, an rubuta CRUISE, SET, RES da CANCEL. Wannan ita ce na'urar riƙe gudu. In mota ta kai gudun da kake so, ka danna SET ka ɗauke ƙafa daga totur, sai ta yi ta tafiya a kan wannan gudu, ba ƙari ba ragi, har sa'ad da ka taɓa birki. Wanda ya taɓa tuƙi daga Kaduna zuwa Kano da ciwon gwiwa ya san amfaninta. Tana kuma hana ƙafa yin nauyi, gama dokar hanya ta Nijeriya kilomita 100 a awa ta ba ƙaramar mota a babban titi mai hannu biyu, ƙafar mutum kuwa ba ta san doka ba.

Wanda ya ƙago ta makaho ne. Sunansa Ralph Teetor, mutumin wani ƙaramin gari da ake kira Hagerstown a jihar Indiyana. Yana ɗan shekara 5 wuƙa ta ji masa ciwo a ido ɗaya, ba a daɗe ba ɗayan ma ya tafi. Duk da haka ya yi karatun injiniya ya gama a 1912, daga baya ya zama shugaban kamfanin Perfect Circle mai yin ringin fistan. Ana ba da labari cewa lauyansa ne yakan tuƙa shi, in yana magana sai ya rage gudu, in yana sauraro sai ya ƙara, har abin ya ishi Teetor. Ya sami takardar mallakar ƙirarsa a 1950, kamfanin Chrysler ya fara sa ta a motocinsa a 1958, Cadillac kuma ya bi a 1959 da sunan nan da muke gani a jikin maɓalli yau. Ta bazu ƙwarai bayan tsadar man fetur ta 1973, sa'ad da Amurka ta kafa doka a 1974 kada kowa ya wuce mil 55 a awa, dokar da aka soke a 1995.

To, abin da ya kawo mu shi ne ranar da ka danna SET, mota ta yi kamar ba da ita kake ba. Abin da aka saba shi ne a kai ta wurin mai wayarin, shi kuwa ya leƙa nan ya leƙa can, ya ce ƙwaƙwalwar mota ce ta taɓu, a kawo kuɗi a sayo wata. Ba mu ce ƙwaƙwalwa ba ta lalacewa ba. Amma ita ce ta ƙarshe cikin waɗanda ya kamata a tuhuma, ita ce kuma ta fi duka tsada, kuɗin makarantar yaro na zango guda yana iya tafiya a kanta, a dawo gida ciwon yana nan.

Abin da za mu fara ganewa shi ne, na'urar nan matsoraciya ce, da gangan kuwa aka yi ta haka. Masu ƙera mota sun sani abin da zai riƙe totur a madadin ƙafar mutum yana iya hallaka iyali guda cikin ƙiftawar ido, saboda haka suka gindaya mata sharuɗɗa. Ba za ta kama ba sai tana samun wuta sosai, ta ji umarnin direba sarai, ta san gudun da mota take yi, ta kuma tabbata ba a taka birki ba, in an taka kuma labari zai iso mata nan da nan. In ta yi shakkar ɗaya daga cikin waɗannan, sai ta noƙe, watau da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ashe kuwa sau da yawa ƙin kamawar nan ba lalacewarta ba ne, wani abu dabam take nuna maka a jikin motar, yawanci ma a wajen birki. Aikinmu shi ne mu gano wane sharaɗi ne bai cika ba, mu fara daga mai araha zuwa mai tsada.

Kafin a kwance kome, a fid da abubuwan da ba ciwo ba ne. Yawancin motocin nan ba su yarda a riƙe gudun da bai kai kilomita 40 a awa ba, don haka gwaji a cikin unguwa ba gwaji ba ne. Dole ne kuma a fara danna babban maɓalli, wanda aka rubuta CRUISE ko ON, sa'an nan SET ya yi aiki. Toyota da yawa sukan saki da kansu in gudu ya faɗi da kilomita 16 ƙasa da wanda aka sa, kamar in mota cike da mutane da buhun doya ta doshi hawa mai tsayi. Wannan halinta ne. (Irin su Hawan Kibo ma ba wurin na'urar nan ba ne ko kusa, gama ta gargajiyar totur kaɗai ta iya, ba ta taka birki a gangara.) Akwai kuma motocin da in fitilar inji ta kama a gaban direba, sai su kashe na'urar gaba ɗaya har a gyara abin da ya kunna fitilar. Subaru ta yi suna a kan wannan.

Sai a buɗe bonet a ga wace iri ce, domin hannun da yake jan totur iri uku ne gwargwadon shekarun mota. A tsofaffi ƙwarai wani gwangwani ne mai fatar roba a ciki, zuƙar iskar inji ce take jansa ta wani siririn tiyo. Zafin ƙasarmu yana tsattsage irin wannan tiyo, in ya tsage kuwa, ko wuta lafiya lau take, hannun ba shi da ƙarfin ja. A na tsakiya ɗan injin lantarki ne mai tasa igiya, za ka ga igiya biyu sun zo maƙogwaron inji, ɗaya daga ƙafarka, ɗaya daga gare shi. Ka tabbata ta biyun tana maƙale, gama in an sauke inji ko an wanke maƙogwaro, ita ce ake mantawa. Tsakanin 2002 da 2006 kuwa Camry da Corolla da Accord suka rabu da igiya, ƙwaƙwalwar mota ce take buɗe maƙogwaro da lantarki, ba wani hannu dabam da za a duba.

Yanzu ka zauna a kujerar direba ka murɗa makulli, kada ka ta da inji tukuna. Fitilun gargaɗi duka ya kamata su kama na ɗan lokaci, da ta inji, da ta ABS, da ta jakar iska. In akwai wadda ba ta kama ba daɗai, mai yiwuwa wani ya cire ƙwanta ko ya rufe ta domin ya sayar da mota ba tambaya. Abin kunya ne, amma ana yi. Sa'an nan ka ta da inji ka danna babban maɓallin. Wata 'yar fitila, yawanci koriya, za ta ce CRUISE. Wannan fitila ita ce mararrabar bincikenmu. In ba ta kama ba, ciwon yana tsakanin batir da yatsanka, watau fiyus, ko maɓalli, ko wayar sitiyari. In ta kama amma SET ya ƙi a kan hanya, wuta tana zuwa ke nan, sai a koma kan birki da maleji. In kuwa tana kamawa ta yi tafiya kaɗan ta saki, wani abu ne yake kwance-kwance.

Fiyus ba ya ɗaukar minti biyar. Akwai zane a bayan murfin akwatinsa ko a littafin mota. Sai dai ba kullum ne za ka ga an rubuta CRUISE ba, domin na'urar takan ci tare da fitilar birki, inda aka rubuta STOP, ko tare da hon, ko da fitilun gaban direba. A zare a ɗaga wajen haske a ga ko 'yar wayar ciki ta tsinke. Launinsa yana faɗin ƙarfinsa: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20. A mayar da irinsa daidai. In sabon ya sāke ƙonewa, to, kada a ƙara girma, kada kuma a naɗa masa waya ko takardar azurfa ta kwalin taba yadda waɗansu suke yi. Fiyus mai gadi ne, ya mutu ne domin kada waya ta ci wuta. A nemi inda waya ta goge ta taɓa ƙarfe, a fara da wurin da murfin but yake lanƙwasa wayoyi kullum, da inda ɓera ya yi ɗaki, da inda wani ya yanka ya jona rediyo ko fitilar ado.

Bari mu daɗe kaɗan a kan birki, gama a nan ne yawancin maganar take ƙarewa. Ka kira yaro ya tsaya bayan mota, ko ka juya bayanta ga bango da dare. Kada ka taka kome, ka tambaye shi ko fitilun birki suna ci. Sa'an nan ka taka, ya ƙirga maka: hagu, dama, da ta ukun nan ta saman gilashi. Abu uku za ka iya ji, kowanne da ma'anarsa.

In suna ci ba ka taka ba, ka sunkuya ka duba darduma a ƙarƙashin feda. Watakila za ka ga ɓarɓashin roba kamar gutsuren biskit. A can saman fedar birki akwai makunni mai ɗan harshe. Muddin ƙafarka ba ta kan feda, wani ɗan maɓallin roba da yake jikin fedar yana danne da harshen nan. Ka taka, feda ta matsa, harshe ya fito, fitila ta kama. To, robar nan takan tsufa ta farfashe, sai ya zama rami ne kawai a wurin, harshe ya zura cikin ramin ya yi zamansa a waje. A ganin mota, ƙafarka tana kan birki dare da rana. Fitilu su kwana suna ci, da safe batir ya mutu, a yi ta zargin batir, na'urar riƙe gudu kuma ta ƙi kamawa, tana da gaskiya kuwa. Honda da Nissan da Hyundai masu shekaru an san su da wannan. Robar ba ta kai girman maɓallin riga babba ba, kuɗinta kuma bai taka kara ya karya ba. Waɗansu sukan manna kwabo a wurin su kai gida, ba laifi, amma a sayi ta gaskiya a sa. A Nissan da yawa makunni biyu ne gefe da gefe, kowanne da tasa roba, ɗaya na fitila ɗaya na na'urar, saboda haka fitilu suna iya zama lafiya alhali ɗayar robar ta tafi.

In ka taka ba ko ɗaya da ta kama, fiyus ne ko makunnin kansa. A mota mai giyar otomatik za ka ga wata shaida, giya takan ƙi fita daga P. Wannan ya wuce maganar riƙe gudu, gama mai tirela da yake bayanka ba shi da hanyar sanin ka tsaya. Kada motar ta hau titi sai an gyara.

In waɗansu sun kama waɗansu ba su kama ba, a canja ƙwan da ya mutu kafin a ci gaba, ga dalili. A tsofaffin motoci da yawa na'urar tana tura wata 'yar wuta ƙanƙanuwa ta cikin zaren ƙwan birki zuwa jikin mota. Muddin wutar nan tana samun hanya, ta san layin birki lafiya yake, ba a kuma taka ba. In ƙwai sun mutu, hanya ta yanke, sai ta ƙi. Haka kuma in saurayin gida ya cire ƙwai na asali ya sa irin na LED domin kyan gani, gama LED ba ya barin 'yar wutar nan ta wuce yadda zare yake bari. Akwai kuma alama mai ban mamaki, na'ura ta yi aiki da rana, da an kunna fitilun dare ta saki. Ƙwan baya mai zare biyu ne a gida ɗaya, wat 21 na birki, wat 5 na dare. In an cusa shi a karkace, ko an sa mai zare ɗaya a gurbinsa, ko wayar da take haɗa fitilar da jikin mota ta yi tsatsa, sai wutar dare ta tsallaka layin birki, na'ura ta zaci an taka.

In fitilu duka lafiya, makunnin bai fita zargi ba tukuna. Yawancinsu ƙafa huɗu gare su, watau makunni biyu ne cikin gida ɗaya, suna aiki saɓanin juna. Biyu na fitila ne, a rabe suke sai an taka su haɗu. Biyu na na'urar ne, a haɗe suke sai an taka su rabu. An yi haka ne domin ko ɗaya ya yi ƙarya, ɗayan ya tona shi. Mai mitar awo zai zare soket, ya sa mita a wurin da take ƙara in waya ta haɗu, ya gwada kowane biyu, feda a sama, feda a ƙasa. Wanda ba shi da mita kuma akwai dabara: a hanya marar mutane, ka sa bakin takalmin hagu a ƙarƙashin fedar birki ka ɗaga ta sama kaɗan, sa'an nan ka danna SET. In ta kama, an gane ɓarawon, makunni ne ya goce daga mazauninsa ko feda ba ta komawa sama sosai. Irin wannan ne kuma yake sa na'ura ta saki duk sa'ad da mota ta faɗa rami. Mota mai kuloci tana da irin wannan makunni a fedar kuloci, da irin robar nan, a duba shi haka nan.

Daga birki sai maleji. Na'urar ba ta da ido, abin da yake gaya wa allurar maleji gudu shi ne yake gaya mata. In allura ta mutu, ko tana rawa, ko fitilar ABS tana ci, ba sai an je da nisa ba. A waɗansu motoci abin jin gudun yana jikin giyabos, a waɗansu kuwa kowace ƙafa da nata. Bakinsa maganaɗisu ne, yakan tara garin ƙarfe da laka har ya kurmance, wayarsa kuma takan tsinke in an canja boris ko shaf da gaggawa. A tambayi kai, yaushe abin ya fara? In washegarin aikin ƙafa ne, a koma ƙafar nan.

Sitiyari shi ne wurin da muke roƙon maigida ya janye hannunsa. Maɓallan suna juyawa tare da sitiyari, wayoyin mota kuwa a tsaye suke, abin da yake haɗa su wani faifan waya ne siriri, naɗe kamar tef a cikin gwangwani, bayan sitiyari. Yakan karye da tsufa, yakan kuma tsinke nan take in bakanike ya kwance sandar sitiyari ya bar shi ya yi ta juyawa. Ta cikinsa hon yake bi, da maɓallan rediyo, da wayar jakar iska. Saboda haka in na'urar ta mutu tare da hon, ko fitilar jakar iska ta kama, ko maɓalli yana aiki sai an karkata sitiyari gefe guda, faifan nan ne. Wayoyin jakar iska rawaya ne. Kada a taɓa su da fitilar gwaji ko da mita, gama jakar tana fashewa da ƙarfin da zai karya wa mutum wuya in fuskarsa tana kusa. Mai aikin zai cire kan batir ya jira, Toyota ta ce daƙiƙa 90, Honda ta ce minti 3. In ka ga mai wayarin ya doshi sitiyari batir yana haɗe, ka tsai da shi.

Maɓallan kansu ana iya auna su daga soket na ƙasa ba tare da an buɗe sitiyari ba. Hikimar da aka yi ita ce, duka a kan waya ɗaya suke magana, amma kowanne yana tauye wuta gwargwadon nasa, ƙwaƙwalwa kuwa ta gane wanda aka danna daga yawan tauyewar. Ma'aunin wannan shi ne om. A Toyota da yawa na bayan shekarar 2000, RES yakan ba da wajen om 240, SET wajen 630, CANCEL wajen 1,540. In lamba ta kauce da nisa, ko tana tsalle in an juya sitiyari, an sami amsa. Datti da shayin da ya zube cikin maɓalli ma suna canja lambar.

Ciwon da yake zuwa yana tafiya shi ya fi cin rai. A fara da batir: a kashe ya nuna wajen bolt 12.6, inji yana aiki kuwa tsakanin 13.5 da 14.5. A duba kawunansa, da kaurin wayar nan da take tashi daga batir zuwa jikin mota da inji, gama jikin mota shi ne hanyar komawar wuta, in mahaɗar ta yi tsatsa abubuwa da yawa sukan yi hauka a lokaci ɗaya. Sa'an nan wani ya riƙe mita, wani ya bi wayoyi yana girgiza su ɗaya ɗaya har lamba ta motsa.

Duk motar da aka yi domin kasuwar Amurka daga 1996 tana da soket mai rami 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'urar karanta laifi. P0500 maganar gudu ce, P0504 da P0571 makunnin birki ne, P0564 kuwa maɓallan sitiyari. Amma lambar unguwa take nunawa, ba gida ba. P0571 ba ta ce a sayi makunni ba, cewa ta yi a duba layinsa, mai yiwuwa robar nan ce kawai. Mai wayarin na kirki zai nuna maka a kan mita abin da ya gani kafin ya aike ka kasuwa. Sai an bi duk waɗannan an same su lafiya, sa'an nan a yi maganar ƙwaƙwalwa.

Akwai gyara guda wanda ba za mu yarda da shi ba ko kyauta ne. Wani in ya gane layin birki ne yake hana na'urar kamawa, sai ya ɗauki 'yar waya ya haɗa ƙafafun nan biyu na makunni, ya ce an gama. I, za ta kama. Amma an toshe mata kunne ɗaya daga cikin waɗanda take jin birki da su, ranar da ɗayan ya gaza, kana taka birki inji yana ja, ga shanu suna ƙetare titi. In har haka ta taɓa faruwa da kai, ka danna babban maɓallin ka kashe ta, ka taka birki da ƙarfi kada ka yi ta famfo, ka mai da giya N ko ka taka kuloci, ka gangara gefe. Kada ka murɗa makulli har ƙarshe mota tana tafiya, sitiyari zai iya kullewa. Uwargida da duk wanda yake tuƙa motar gida ya kamata su san wannan tun kafin ranar.

Masu Ford kuma, ga taku dabam. A motocin Ford da Lincoln da Mercury da yawa na 1992 zuwa 2004, har da Explorer, da Ranger, da Windstar, da F-150, da Econoline irin wadda ake mayarwa bas, an ƙara wani makunni na uku, ƙirar kamfanin Texas Instruments, a jikin famfon birki a ƙarƙashin bonet. Matsin man birki ne yake motsa shi, wata siririyar fata ce kawai ta raba man da wajen lantarki. Da tsufa fatar takan tsage, mai ya shiga, ciki ya yi tsatsa, ya fara zafi. A yawancinsu kuma wuta tana zuwa makunnin ko an zare makulli. Motoci sun kama wuta a ajiye cikin dare, waɗansu har da gidajen da suke ciki. Daga 1999 zuwa 2009 Ford ya yi ta kiran motoci a dawo da su gyara, jimlarsu ta wuce miliyan 14, kiran Oktoba 2009 kaɗai miliyan 4.5 ne. Gyaran shi ne a sa wata 'yar waya mai nata fiyus a gaban makunnin, ko a canja shi in ya riga ya jiƙe. Motar da ta bar Amurka ba a yi mata ba, ba wanda zai aiko wa mai ita takarda a Jos ko Zariya. Alamun farko su ne na'urar riƙe gudu ta daina aiki, fiyus yana ƙonewa, giya tana ƙin fita daga P, ko a ga danshin mai a soket ɗin makunnin. In kana da irin motar nan, ka sa a duba ko wayar mai fiyus tana nan. In babu, a zare soket ɗin a naɗe bakinsa da tef. Na'urar ba za ta yi aiki ba har a gyara, shi ne kuma abin da Ford da kansa ya yi wa mutane sa'ad da kayan gyara ba su iso ba. Kafin nan kada motar ta kwana kusa da ɗakin yara.

Sababbin motoci masu rage gudu da kansu in sun ga wata a gaba, su kuma suna da rada a bayan tambarin gaba, waɗansu da kyamara a saman gilashi. Laka ko ƙurar hunturu in ta rufe su, sai su ƙi aiki, tsumma mai laushi ya isa. Amma in an yi gyaran gaba bayan karo, ko an canja gilashi, sai mai na'urar saiti ya daidaita su.

In an gama gyara, ba a fafe gora ranar tafiya. A nemi miƙaƙƙiyar hanya da rana, busasshiya, ba yara a mota. A kai kilomita 60, a danna SET, a ɗauke ƙafa a ga ta riƙe. A taɓa birki kaɗan, kamar mai taka ƙwai, lalle ta saki tun kafin mota ta fara rage gudu. A danna RES ta koma 60 a hankali. A gwada CANCEL, a gwada babban maɓallin, mai kuloci ya gwada kuloci. Sa'an nan a kunna fitilun dare a sāke bin su duka tun daga farko.